Tafireta Takwas na Malam Hodi

Ranar da Mujtaba ya fara shiga ofishinsu a Argungu, Rauda ko kai ba ta ɗaga daga kan tafiretarta ba, sai da ta ji yana tambayar oga kwamfuta nawa suke bukata.

Ma'aikacin sito ne daga Birnin Kebbi, siriri, da fayil a hammata. Wai maimakon kowane ofishin gwamnati ya sayi tasa da tsada, zai haɗa su oda guda ta intanet. In sun kai sittin, kamfanin zai yi rangwamen kashi ɗaya cikin uku.

Ita kuwa Rauda, tun tana ƙarama ba ta iya haɗiye tambaya.

"Malam, wagga kasuwa taku a ina take ci?"

"A cikin kwamfuta."

"To wa ke tsaron rumfar?"

Sai ya kwashe da dariya. Kafin ya hau babur ɗinsa ta yi masa tambaya goma sha ɗaya, shi kuwa guda ya yi: lambar wayarta.

Da la'asar saƙo ya shigo: "Sarauniyar tambaya, na iso lafiya. Gobe ki tanadi wasu, kunnena naki ne."

Ta mayar: "Ɗan kasuwar iska, Allah shi kai mu."

Wasa-wasa, wata biyu ba su cika ba sai ga Rauda tana sa takarda a juye in ta tuna shi. So ya kama ta, kamu na gaske.

Sai dai akwai Baba. Malam Hodi shekara talatin yana gyaran tafiretocin ofisoshi daga Argungu har Augie, da su ya ciyar da gidansa. Ga kuma Nu'uman ɗan kwangila, wanda ya saba kawo kwamfuta ɗaya-ɗaya, ya daɗe kuma yana aiko wa Rauda turare. Shi ya zauna a shagon tsohon ya rantse yaron nan ɗan damfara ne.

"Ban ba shi," in ji Malam Hodi. "Shi kashe min sana'a, shi ɗauke min ɗiya? Da kasuwar da ido bai gani?"

Rauda ta sha kuka. Zancen damfarar ya cije ta ita ma, har ta kwana uku ba ta amsa saƙonsa ba. Ran na huɗu ya rubuto: "Hasken idona, ban da abin ɓoyo. Hamsin da biyu na samu, Juma'a rangwamen zai ƙare. Ko ban cika ba, ki kawo Baba ya gani da idonsa. Shirunki ya fi komai yi min ciwo."

Ta san ubanta sarai, ai wurinsa ta gado halin. Mutumin da ko agogon baƙo ya gani sai ya so ya buɗe cikinsa! Da safe ta ajiye masa kunu ta ce, kamar da wasa, "Baba, wai har hoton cikin injin ake nunawa."

Tsohon ya yi tsaki. Can ya ce, "Cikinsa duka?"

Ran Alhamis suna cikin motar Birnin Kebbi, yana ta faɗin shi fa zuwa zai yi ya tona asirin yaro.

A kafe ɗin intanet da ke kusa da unguwar Gesse, Mujtaba ya durƙusa ya gaishe shi, ya ba shi kujerarsa. Malam Hodi ya gyara tabarau. Ina ribin tawadar yake? Harafin ina yake bugawa? Ya sa aka kira ofishi uku cikin masu hatimi a fayil ɗin, duk mutanen da ya sani ne, duk suka ce e, da saninsu. Har ya sa aka rubuta wa kamfanin a ƙara da rigar rufe kowane inji, don a cewarsa ba a sallama wa farashin farko.

Sannan ya kai yatsa kan gilashin. "Wanga hamsin da biyu hwa?"

"Saura takwas, Baba. Na zagaya, ban san wa kuma ke bukata ba."

Rauda ta san abin da ke ran tsohon. Akwai tafireta takwas da ya daɗe yana riƙe da ransu da waya da roba. Su kaɗai suka rage suna kawo masa aiki.

Ya dube ta, ya daɗe yana dubanta.

"Ɗauko biro, yaro. Rajistaran kotu a Augie, tashi ta mutu tun bara, ni ke tashe ta. Makarantar 'yan mata, biyu..."

Ɗaya bayan ɗaya ya lissafa su har takwas, ya ce a gaya musu Hodi ne ya aiko. Rauda ta rufe fuska da mayafi tana hawaye.

Kafin a tafi masallacin Juma'a hatiman kwamfuta takwas ɗin sun hau fayil.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure a Argungu. Katin gayyata ma Malam Hodi ne ya buga shi a tsohuwar tafiretarsa, bai yarda kowa ya taɓa ba. Da za a kai amarya aka neme shi ya sa albarka, aka rasa. Rauda ce ta same shi a shago, ya kwance bayan wata tsohuwar kwamfuta da ango ya kawo masa, ya zura kai ciki.

"Baba, tafiya za a yi da ni."

Ya ɗago, idonsa jawur, ya dafa kanta da hannun da ya sha baƙin mai.

"Allah shi yi muku albarka, shi ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Tahi, ɗiyata." Ya share ido. "Ki ce ma mijinki shi zo jibi. Ina da tambaya."