Sallamar Da Ba A Amsa Ba

Ɗalibai duk sun tafi hutu, Radiyya kaɗai ta rage a ɗakin kwamfuta, ga magariba ta kawo jiki. Kwana shida ba wanda ya ce mata ko sannu.

Manhajar ganin likita take tsarawa. Tana faɗa da baki, mataimakin AI yana zana matakan da akwatuna da kibiyoyi: mara lafiya ta zo, ta karɓi kati, ta ga likita.

Sai ga wani akwati da ba ita ta faɗa ba: "Ta yi sallama. Ba a amsa ba." Kibiyarsa ta zagayo ta koma kansa.

Ta ce, "Wa ya ce ka sa wannan?"

Ya rubuta, "Matar da ke bakin ƙofa. Sau uku ta faɗa."

Ita da kanta ta kulle ƙofar nan. Warin lakar bakin kogi ya cika ɗakin. Kafin ta yi tunani bakinta ya riga ta: "Wa'alaikumus salam."

Kibiyar ta miƙe, sabon akwati ya fito: "Ta shigo, ta zauna."

Kujerar da ke gefenta ta yi ƙara.