Gurbin Mama Lucia

Har yau ana yaɗa cewa tsoron duhu ne ya hana ni bin hanyar ƙauyen Nok da yamma. Ƙazafi ne. Ni Boaz, da ko gwanayen manhajar Python na Kaduna ke cire mini hula in na zauna gaban manhajar lissafi ta R?

Bara wata ƙungiya ta ba ni aikin tace sunayen tsofaffin da motar asibiti za ta riƙa kai wa maganin hawan jini. Abokiyar aikina Theresa ce ta zaga ƙauyuka tana cike takardu. Wasu gurabe suka dawo babu komai.

"Oga, wannan na Mama Lucia ne," in ji Theresa. "Na tambaye ta yaranta nawa, ta ce uwa ba ta ƙirga 'ya'ya, mutuwa tana ji."

"Kwamfuta kuma ba ta jin tatsuniya," na ce. Na buga umarni guda, mai share duk layin da ke da gurbi. Jadawali ya fito fes. Har na juya mata laftof ta ga gwaninta.

Wata takwas motar tana wuce ƙofar Mama Lucia, don babu sunanta. A coci na ji sanarwar jana'izarta. Na sunkuyar da kai, na ci gaba da waƙa.

Wata Talata, rana na faɗuwa, ina dawowa daga Nok a babur. Dab da wata gonar citta injin ya mutu. Kwaɗi suka yi tsit. Sai ƙamshin ɗanyar citta, kamar yanzu aka tone ta, haɗe da warin man zafi irin na tsofaffi.

"Ɗana."

Mama Lucia ce zaune a kan kunyar gonar, sanda bisa gwiwa.

"Kai ne mai rubutun?"

"Mama, ba ni ba ne, na'urar ce ta…"

"Na'urar tana da yatsa?"

Na ja da baya.

"Ka ce sai da lamba. To ƙirga."

Ganyen citta ya motsa, ba iska. Takun ƙananan ƙafafu a jiƙaƙƙiyar ƙasa. Wani hannu mai sanyi ya kama yatsana.

"Ɗaya," na ji bakina ya ce.

Wani ya ja wandona. Biyu.

Uku. Huɗu. Babu mai numfashi.

Biyar. Shida.

"Duk ƙirgar da na yi, ɗaya ya tafi," ta raɗa. "Shi ya sa na daina. Saura Yafet, tela a Kafanchan. Faɗi lambarsa."

Leɓena ya buɗe da kansa, zai ce bakwai.

Na dantse harshena. Jini ya cika bakina. Na yar da babur, na fizge yatsana, na runtuma. Sai da na hango fitilar mai shayi na faɗi.

Washegari na mayar da layukan da na share. Mutum talatin da ɗaya. Huɗu a cikinsu maganin bai same su da rai ba.

Yafet yana nan. Duk ɗinkina wurinsa nake kaiwa yanzu, ko da yake wandon da ya ɗinka kullum ƙafa ɗaya ta fi tsawo, ni da nake ɗan gayu. Ya taɓa tambayata abin da ya sami harshena. Na ce tsire ne mai zafi.

Gurbin Mama Lucia kuwa, na bar shi yadda ta bar shi.