Kwana Ɗayan Da Ta Ba Sila

Magariba ta kawo kai lokacin da Chisom ta koma cibiyar kwamfuta da ke Rikoto. Aikin minti biyu ne ya kawo ta: wa'adin kalmar sirrinta zai cika da ƙarfe bakwai. Haka dokar babbar kwamfutar take, mai manhajar Linuks, wadda sauran kwamfutoci talatin na cibiyar ke rataye da ita. Duk kwana casa'in sai ka sauya kalma, kuma tana riƙe da tsofaffin, ba ta yarda ka maimaita. In ta kulle Chisom, babu mai buɗe wa ɗalibai jarrabawar gobe, kujerar da ta ƙwata kuwa ta tafi ke nan.

Ƙwata na ce, kuma ban yi suɓutar baki ba. Kujerar mai kula da babbar kwamfutar ta Sila ce, Chisom mataimakiyarsa. Ta ƙullace shi tun ranar da ya gyara mata kuskure a gaban ɗalibai. Da ya tafi Dabai shuka a daminar bara, sai ta lallaɓa ta rage wa'adin kalmarsa daga casa'in zuwa kwana ɗaya, don a kulle shi ranar jarrabawa, a ce sakacinsa ne. Gargaɗi ya shiga wayarsa, ya hau babur cikin ruwan sama don ya zo ya sauya ta. Rafi ya tafi da shi. Ko makokin ba ta je ba.

Ta zauna, ta buga sabuwar kalma.

Allon ya ce an taɓa amfani da ita.

Ta yi tsaki, ta buga sunan mahaifiyarta. An taɓa. Ta rufe ido ta tattaka haruffa barkatai, abin da ko ita ba ta san me ta rubuta ba. An taɓa.

Sai warin laka ya cika ɗakin, irin na bakin rafi. Wani abu na ɗiga bisa siminti. Ɗis. Ɗis. Kujerar da ke kusa da ita ta yi ƙara, kamar an zauna.

Talle maigadi ya leƙo ta taga, murya ƙasa-ƙasa. "Madam, wa ya shigo jiƙe? Ga sawu nan har wurinki."

Ba ta iya juyawa ba. Saura minti uku.

Numfashi mai sanyi ya taɓa kunnenta.

"Buga wadda ba ki taɓa faɗa ba."

Muryar Sila ce, babu ko ɗigon tausayi a cikinta.

Ta buga: nicenaragemaka.

Allon ya karɓa. Ya ƙara layi ɗaya: wa'adin wannan kalma kwana ɗaya ne.

Jiƙaƙƙen hannu ya damƙe wuyan hannunta. Ta fizge, ta ture kujera, ta faɗa kan Talle a bakin ƙofa, takalmi ɗaya a ƙafa.

An yi jarrabawa lafiya, kujera tana hannunta. Sau goma tana mayar da wa'adin casa'in, gari na wayewa ya koma ɗaya. Yanzu duk magariba sai ta zo ta zauna cikin warin lakar nan. Kwamfutar ba ta karɓar komai sai laifin da ta ɓoye, kuma ba ta yarda a maimaita.

Jiya Talle ya ji ta tana kuka, tana rantsuwa ta faɗi duka, babu saura.

Yau ma rana ta yi ja.