Wayar Sulke a Bayan Mangaza

"Kwanta! Kwanta na ce!"

Maina mai lantarki bai gama ajiye butar alwala ba ya ji bakin bindiga a ƙeyarsa. Ya kwanta rubda ciki a ƙofar ɗakin inji. Ranar Juma'a ce, rana ta take tsaka, leburorin kamfanin gyaɗa duk sun tafi masallacin Magariya. Nasaran kamfanin kuma yana gida yana barcin rana.

Su uku ne. Barau, tsohon karen kamiyo, wato yaron babbar motar kaya, shi ne mai bindigar toka kuma shi ne babba. Manzo, ƙato mai gatari da zarto. Sai ƙanensa Illo, wanda ya rufe fuska da rawani har ido.

Rufewar ba ta yi amfani ba. Maina ya kalli tafiyarsa kawai.

"Illo? Kai ne?"

"Yi shiru, Baba Maina, don Allah. Ba ranka muka zo nema ba."

Bara Illo yana cikin waɗanda suka haƙa rami daga ɗakin inji zuwa mangaza, wato babban siton da ake ɓare gyaɗa, suka binne waya mai sulke: jan ƙarfe a ciki, roba a kansa, sa'an nan zaren baƙin ƙarfe ya nannaɗe shi kamar rigar yaƙi. Da aiki ya ƙare aka sallame su. Damina ta zo ba ruwa, hatsi ya ƙone a tsaye. A gidan Manzo da ke wajen Dungas matarsa Hinda da yara huɗu suna cin dusa da tafasa. Barau ne ya kawo labarin cewa maƙeran ƙetaren iyaka na ba da buhun hatsi a kan jan ƙarfe.

"Kashe injin," in ji Illo.

"Ka haukace?" Barau ya harare shi. "Inji ya yi shiru, fankar Nasara ta tsaya, ya farka. A bar shi yana kuka."

Illo ya juya. Ya nuna hannun ƙarfen da ke bango, wanda ake ɗagawa a saki wuta, a sauke a tsayar da ita. "To wannan ne na layin mangaza. A sauke shi, a sa kwaɗo. Makulli kuma a aljihuna."

Maina ya sauke, ya kulle. Barau ya fizge makullin.

"Aljihuna ya fi naka zurfi. Ku tafi ku haƙa!"

Ya ɗaure Maina hannu da ƙafa. Idonsa ya faɗa kan wata faffaɗar igiyar jan ƙarfe da ta fito daga sulken wayar ta shige ƙasa. Ya sa adda ya sare ta.

"Kar ka taɓa wannan!" Maina ya yi ihu. "Ita ce ke kai wuta ƙasa in wayar ta ji rauni. In babu ita, sulken kansa zai ɗauki wuta!"

"Wutar da ke kulle? Rufe mana baki, tsoho."

Barau ya cusa igiyar jan ƙarfen a buhu. A kusurwa kuma akwai ragowar naɗin sabuwar waya. Ya mirgina shi waje, ya ɗora wa raƙuminsu.

A bayan mangaza Illo da Manzo suna haƙa. Kamu biyu suka tarar da jerin tubalin da aka shimfiɗa don gargaɗin mai haƙa. Suka ture. Ƙarƙashinsa rairayi mai laushi, sai ga wayar, baƙa, kaurin hannun jariri.

Manzo ya ɗaga gatari. Kau! Gatarin ya yi tsalle.

"Wannan wace irin masifa ce?"

"Na gaya maka, Yaya, sulke ne. Sai zarto, zare ɗaya-ɗaya."

Manzo ya durƙusa cikin ramin. Gumi na zuba, ƙasar ƙarƙashin gwiwarsa ta jiƙe. Zarto na ci a hankali.

"In mun samu buhu biyu," in ji shi yana haki, "ɗaya na Hinda da yara, ɗaya na Inna. Daga yau kuma ban ƙara."

"Yi sauri dai."

Abin da ba su sani ba, Uwa matar Maina ta taho da ƙwaryar fura. Daga nesa ta hango baƙon raƙumi da mutum mai bindiga. Ta ajiye ƙwaryar a gindin aduwa, ta kwasa da gudu zuwa bariki.

Birgaje Dalhatu, shugaban gardin kumandan, wato dogaran Nasara mai mulkin gari, yana ɗaura takalmi.

"Ranka ya daɗe, ɓarayi! Sun kama maigidana a ɗakin inji!"

"Su nawa?"

"Ɗaya na gani. Da bindiga!"

"Muttaƙa, dawaki! Mutum biyar, maza!"

Barau ne ya fara hango ƙurarsu. Ya auna da ido: raƙumi mai kaya ba ya tsere wa doki, sai in dokin ya tsaya wani wuri. Ya dubi bayan mangaza. Ya dubi hannun ƙarfen bango. Ya laluba aljihu.

Maina ya gane tun kafin makulli ya shiga kwaɗo.

"A'a! Akwai mutane a kan wayar! Ka ji tsoron Allah! Illo! Illo, ku fita!"

Kukan inji ya haɗiye muryarsa. Barau ya ɗaga hannun ƙarfen, ya fice.

Zarto ya riga ya ratsa sulke ya taɓa jan ƙarfe. Hannun hagun Manzo yana riƙe da sulken.

Fau! Shuɗin haske ya tashi daga ramin. Manzo ya sandare. Bakinsa a buɗe, ƙara ɗaya ta fita, sauran ta maƙale. Yatsunsa suka ƙanƙame wayar.

"Yaya!"

Illo ya miƙa hannu — ya janye. Ya san wanda ya taɓa shi ma ya tafi. Ya waiga, ya rarumi busasshiyar ƙotar galma, ya doki hannun. Bai saki ba. Ya sake dokawa. Ya ji ƙashi ya karye, hannun bai saki ba.

"Sake ta, Yaya! Sake ta!"

A ɗakin inji Maina ya mirgina har bango. Ya jingina, ya miƙe a kan ƙafafu ɗaurarru, ya sa haɓa a kan hannun ƙarfen ya saki nauyinsa duka. Ƙarfen ya sauka. Shi ma ya zube, jini na fita a bakinsa.

Manzo ya kife cikin ramin.

Dawakai suka bi ihun, kamar yadda Barau ya lissafa. Suka iske Illo zaune cikin rami, kan wansa a cinyarsa, yana yi masa fifita da rawani. Warin ƙonannen nama ya cika wurin.

"Tashi! Hannu sama!"

Bai tashi ba. Birgaje Dalhatu ya sauka, ya taɓa wuyan Manzo, ya girgiza kai.

"Ina mai bindigar?"

Illo ya ɗago. Idonsa a bushe.

"Ba zai bi hanyar mota ba. Zai bi ta tsohuwar rijiyar makiyaya, gabas da Dungas, don raƙumin bai sha ruwa ba tun jiya. Ku ɗora ni a doki, ni zan kai ku."

Gab da la'asar suka cim masa. Yana jan guga, raƙumin na durƙushe. Ya saki igiya ya ɗauki bindiga.

"Illo, kai ka kawo su? Ɗan iska, maci amana!"

Ya ɗana — bindigar ta yi tari, ta ƙi tashi. Ta Muttaƙa ba ta ƙi ba. Harsashi ya farfasa masa gwiwa. Suka ɗaure shi a kan raƙumin, kusa da naɗin wayar, yana zagi har Magariya.

Kashegari Maina ya yanke inda ya lalace a wayar. Bai kai kamu uku ba. Ya haɗa sabo, ya mayar da igiyar ƙasa, ya jera tubali, ya rufe ramin. Haƙoransa biyu sun tafi, kuma bai ƙara yarda wani ya riƙe makullin nan ba. Barau ya rasa ƙafa a gidan lokotoro, wato asibiti, kafin a kai shi kurkukun Damagaram. Illo ya sami shekara bakwai.

Ranar da za a tafi da su, Hinda matar Manzo ta iso daga Dungas a ƙafa, goye da ƙaramin. Ta tsaya a bakin kamiyo. Illo ya sunkuyar da kai.

"An ce kai ka karya masa hannu," ta ce.

"Don in raba shi da wayar ne."

"Ya ce wani abu?"

"Ya ce buhu ɗaya naki da yara."

Ta gyara goyonta.

"Ɗanmu na biyu ya rasu washegarin da kuka bar gida," ta ce. "Ban sami wanda zan aika ya gaya wa ubansa ba."

Direba ya ta da mota.