Fuskar Shu'aibu a Allon Iska

Maroƙiya ba ta barci, ba ta hutun salla. Rana na fitowa ta kunna allon iska na bakin tashar jirgin lantarki ta Birnin Ganuwa, sai ga saurayi ya miƙe cikin haske, ya fi bene tsawo, da bindiga a kafaɗa. Ya yi murmushi ya ce, "'Yancinka yana hannunka. Zo mu koya maka kare gidanka." Ya juya ya harbi kwalba, ta tarwatse. Bidiyon ya ƙare, ya sake farawa.

Maroƙiya na'ura ce ta Kamfanin Garkuwar Kai, masu makarantar koyon harbi. Aikinta haɗa gajerun bidiyo na talla. Tana kallon idon masu wucewa ta kyamara, ta gane fuskar da ke tsayar da mutane, sai ta sa wa fuskar maganar da ta dace da kowa. In mai goyo ce ta zo wucewa, saurayin ya yi zancen 'ya'ya. In ɗan kasuwa ne, ya yi zancen shago.

Saurayin nan kuwa tun bara yana kabari. Shu'aibu ne, ɗan farin Inna Tabawa mai daddawa.

Kada wani ya ce Inna Tabawa ba ta san amfanin bindiga ba. Da ƙafa ta baro ƙauyensu tana yarinya, ranar da ɓarayin daji suka ƙone rumbuna, ba wanda ya zo ceto. Da Shu'aibu ya samu aikin koyar da harbi, albarka ta sa masa. Makarantar tana sayar da wata bindiga mai suna Farga, wadda ke jin bugun zuciyar mai riƙe da ita. In ya firgita kuma ta ga mutum ya nufo shi, ba ta jiran yatsa. Wata rana da azahar gobara ta tashi a gidan maƙwabcinsu. Shu'aibu ya yi abin da kowane ɗan unguwa ke yi in an yi ihun wuta: bai tsaya sallama ba, ya haura katanga da bokiti. Maƙwabcin, ɗalibinsa ne ma, ya fito a ruɗe da Farga a hannu. Bindiga ta ga firgici, ta ga mai haura katanga. Shi ke nan.

Inna Tabawa ta yafe wa maƙwabcin, har yau tana amsa gaisuwarsa. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne a bar mamaci yana yi wa abin da ya kashe shi talla a bakin kasuwa, yara na kwaikwayon tafiyarsa. Sai ta rufe kwandon daddawarta ta hau jirgi zuwa ofishin kamfanin.

Aka kai ta wajen wata injiniya, Rufa'atu, mai kula da Maroƙiya. Kafin Inna Tabawa ta zauna muryar Maroƙiya ta fito daga bango: "Barka da zuwa, Hajiya."

"Ban je Makka ba, kada ki fara da ƙarya," in ji Inna Tabawa. Ta dubi Rufa'atu. "Ke 'yar nan, da ke zan yi magana ko da garu?"

"Da ni, Inna. Allah ya ji ƙansa. Na san shi, shi ya koya min riƙon bindiga."

"To kin san shi, kika bar shi yana tsaye a rana kamar mutum-mutumin gona? Ku sauke shi. Ba diyya na zo nema ba. Ku bar min yaro ya kwanta."

Rufa'atu ta sunkuyar da kai. Ta yi bayanin cewa ta taɓa gwadawa, na'urar ta ƙi, domin shi da bakinsa ya ba da izinin amfani da fuskarsa. Hanya ɗaya ta rage. Wanda suka haɗa jini ya tsaya gaban na'urar, ta auna muryarsa da ta mamacin ta tabbatar da dangantaka, ya kira sunan mamacin a fili, ya ce ya janye izini.

"Mai sauƙi ne, Inna. Ki ce ke ce mahaifiyarsa, ki faɗi sunansa."

Inna Tabawa ta yi mata wani kallo. "Ke 'yar ina ce?"

"'Yar garin nan."

"Uwarki ba ta gaya miki ba? Ɗan fari ne. Tun da aka raɗa masa suna bakina bai taɓa ɗauka ba. Ko wani mai sunan ne ya zo sayen daddawa, 'mai sunan yaron nan' nake cewa. Yanzu da furfurata zan buɗe baki a gaban garu?"

"Wallahi na manta ana yi, Inna. Waɗanda suka tsara na'urar ma ba su tuna ba."

"Sun tuna da bugun zuciya, ba su tuna da kunya ba. Ke ki faɗa mana."

"Ba za ta karɓa daga bakina ba. Ba shi da ƙane ko 'ya?"

"Shi kaɗai Allah ya bar min."

Ta matsa gaban bangon duk da haka, ta gyara mayafi. "Ni ce uwar yaron nan mai bindiga na bakin tasha. Ki sauke shi."

"Akwai fuskoki da yawa masu bindiga," in ji Maroƙiya cikin ladabi. "Wane suna?"

"Wanda kuka kashe!"

"Ban gane ba. Wane suna?"

"Jakar uban nan, kin fi ni saninsa, kullum yana bakinki!"

Rufa'atu ta tashi za ta fita don ta ba ta wuri. Inna Tabawa ta riƙo hannunta. "Zauna. In zan yi abin kunya, a yi shi gaban mutum, ba gaban ƙarfe kaɗai ba."

Ta fuskanci bangon. Ta tuna ranar da ya faɗi daga bishiyar mangwaro yana ƙarami, ta so ta ƙwala masa kira, ta danne, ta tura kakarsa. Ko ranar da aka shigo da shi a makara ba ta kira shi ba, salati kawai ta yi. Ta buɗe baki, harshen ya yi mata nauyi kamar na aro.

"Shu'aibu," ta ce. Muryar ta karye. Ta sake, da ƙarfi, kamar mai kiran yaro ya shigo cin tuwo. "Shu'aibu! Ɗana ne. Na janye. Ku ƙyale shi."

"An tabbatar. An goge," in ji bangon.

Rufa'atu tana share hawaye ta ja ta bakin taga, ta nuna mata tashar daga nesa. Allon iska ya dushe, saurayin ya narke tun daga ƙafa har hula. Inna Tabawa ba ta ƙifta ido ba. Yana raye ba ta taɓa ƙare wa fuskarsa kallo ba, wannan ne na farko, kuma babu wani.

Ba ta gama sauke numfashi ba allon ya sake haske. Wani saurayi ne, baƙi, mai wushirya, da bindiga a kafaɗa.

"Wannan fa?"

Rufa'atu ta duba na'urarta, sannan ta amsa a hankali. "Shi ma malamin harbi ne. Ya rasu da damina. Maroƙiya ta gano mutane sun fi tsayawa kallon waɗanda suka rasu, don unguwarsu ta san su. Ba mu muka koya mata ba, Inna. Mu dai mun ce ta nemo abin da ke tsayar da mutane."

"Kun ce, ta kuwa ji magana." Inna Tabawa ta ɗaure bakin zaninta. "Uwarsa na da rai?"

"Tana Unguwar Majema."

"Ɗan fari ne?"

"Ban sani ba."

"Ke ba ki san komai ba, 'yar nan, amma kina da zuciya. Ɗauko mayafinki ki raka ni. In ɗan fari ne, matar nan ba za ta iya ita kaɗai ba."