Kibiyar da Ta Motsa

Da hantsi aka kira caji ofis cewa an tsinci gawar mai makarantar koyon kwamfuta a ofishinsa. Bahago kowa ke ce masa. Sufeto ya same shi kife a kan tebur, kofin shayi a gefensa. Likita ya ce maganin ɓera aka zuba a shayin.

Kafin Sufeto ya iso, Saje har ya saka mai shara a bayan mota. Shi Saje yana son gama bincike tun bai fara ba. Mai sharar tsohuwa ce.

"Inna, ke kike ajiye maganin ɓera?" in ji Sufeto.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Ɓeraye sun ishe mu da cin wayoyi, marigayin ne ya ce in zuba. A bayan kabad na zuba. Wallahi ban taɓa kofinsa ba."

Tausayinta ya kama Sufeto. Ya san in bai gano mai laifin ba ita za a kai kotu, kuma a shekarunta da wuya ta fito kurkuku da rai.

Ya sami matar marigayin a baranda, idonta ya yi jawur.

"Akwai abin da ke damunsa?"

"Mahaifin wata ɗaliba ya kawo ƙara, wai wani malami yana tare 'yarsa a aji in kowa ya tashi. Jiya ya ce mini ya ga malamin a kyamara, yau zai kore shi a gaban kowa. Ya ƙi faɗa mini sunansa, sai hawaye yake yi."

Malamai uku ne a makarantar. Ɗayansu ƙanin marigayin ne, Auta, wanda Bahago ya yi rainonsa tun rasuwar mahaifinsu.

"Yaushe rabonka da ofishin yayanka?" Sufeto ya tambaye shi.

"Na kwana biyu ban shiga ba, yallaɓai. Yau ma kuka na ji na fito."

Sufeto ya koma ciki. An goge hotunan kyamara kakaf daga kwamfutar. Ya kai hannun dama zai kama mawus, abin motsa kibiyar kwamfuta, ya ji wayam, ashe yana hagu. Ya ja shi, ya ƙi zuwa. Saboda ɓeraye, marigayin ya zura wayar mawus ɗin a bututu ya ɗaure a ƙafar tebur.

Ya durƙusa yana bin bututun da ido. A jikin kwamfutar ya ga wani ɗan baƙin abu a soke, bai wuce farce ba.

"Saje, mene ne wannan?"

"Na mawus marar waya ne, yallaɓai. Kowane mawus da nasa, ba ya jin na wani."

Sufeto ya tara malaman a ofishin, ya ce kowa ya fito da mawus ɗin da yake yawo da shi a jaka. Na farko ya ja nasa a kan tebur, kibiyar kwamfutar ba ta motsa ba. Na biyu ma haka. Auta ya tsaya yana lalube.

"Nawa ya lalace, yallaɓai."

"Ba komai, kawo."

Sufeto ya ɗora shi a tebur ya tura da yatsa ɗaya. Kibiyar da ke fuskar kwamfutar marigayin ta tsallaka daga wannan gefe zuwa wancan.

"Ramin ƙarya ƙurarre ne," in ji Sufeto. "Na yayanka bai zauna maka a hannu ba, ka soka naka, gaggawa ta sa ka manta ka zare."

Auta ya sulale ƙasa. "Na roƙe shi ya rufa mini asiri, ya ce 'yar mutane amana ce. Kunya na guda." Ya dubi mawus ɗin. "Yaya ne ya saya mini shi, ranar da ya ɗauke ni aiki."

Saje ya sa masa ankwa, ya buɗe mota. Inna ta sauko da ƙyar, ta dubi Auta, ta dubi Sufeto.

"Ranka ya daɗe, tsohuwarsu tana gida, su biyu kaɗai ta haifa. Wa zai je ya gaya mata?"

Sufeto ya cire hularsa. "Ni zan je," ya ce.