Shirun Kan Tudu

Auta ta damƙe birki har tayar baya ta ja ƙasa. Muryarta ce ke fitowa ta iyafis ɗin da ke kunnenta, a tsakiyar shirin da dubban mutane ke saurara.

"Koci, na gane ka daina hawa keke. Iskar da muke ji a shirinka ta ƙarya ce."

Nan aka datse. Kiɗa ya shigo, talla ta biyo baya.

Ta tsaya a bakin titi, ƙafa ɗaya a ƙasa, ɗaya a kan feda. Ina sauran maganar? Ina inda ta ce masa in wani abu ke cin ransa ya faɗa mata, tana nan? Duk an guntule, an bar mata kaifin kawai.

Shirin na koyar da tseren keke ne, ana sauke shi a waya. A farkonsa ba shi da komai sai Koci da kekensa da wata waya da yake ɗaurawa a ƙirji. Yana tuƙi yana bayani: yadda ake jan numfashi, lokacin sauya giya, yadda ake zama a sirdi don kada baya ya ƙage. Kana jin kukan cen ɗin keke, kana jin tsuntsayen safiya, wani lokaci har da karen da ya biyo shi. In ya iso babban tudun da ke bayan tankin ruwa kuwa, sai magana ta gagare shi. Shiru yake yi, sai haki da ƙarar taya, har ya kai sama.

A cikin wannan shirun Auta ta kamu da sonsa, tun ba ta san kamanninsa ba.

Bayan rasuwar babanta ne ta fito da tsohon jan kekensa, ta riƙa zagayawa da sassafe kafin ta tafi shagon maganin da take aiki. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya cika ta da nasiha. Mutum ɗaya ne ya iya yin shiru tare da ita, shi ma ta cikin waya. Saƙonta na farko zuwa lambar shirin gajere ne: "Don Allah kada ka taɓa yanke shirun kan tudu." Ya saka shi a shiri yana dariya, ya raɗa mata Mai Jan Keke saboda hoton keken da ke kan lambarta. Daga saƙo aka koma kira, daga kira aka kai ga sallama a ƙofar gidansu. Amma ɗabi'a ɗaya ba ta bari ba: maganar zuciya a lambarsa, ra'ayi kan shiri a lambar shiri, kamar kowane mai sauraro.

Sai shiri ya bunƙasa. Wani babban kantin kekuna ya ɗauki nauyinsa, aka ba shi ɗaki mai soso a bango a saman bene, aka haɗo shi da ƙanwar mai kantin don ta riƙa tace sauti. Kiɗa ya shigo, baƙi suka shigo. Masu sauraro suka yi ta aiko da ra'ayi. Wasu suka ce yanzu ne aka waye. Wani dattijo da ke kiran kansa Tsohon Direba ya ce kiɗan na hana shi jin motar da ke bayansa. Wata nas ta ce shirin ya yi gajarta, yana ƙarewa ba ta kai asibiti ba. Auta dai ba ta ce komai ba, sai da ta lura Koci na hawa tudu yana zuba zance tiryan-tiryan, ko haki babu, kuma tsuntsu ɗaya ne ke kuka iri ɗaya a wuri ɗaya kowane mako.

Abin da ta manta shi ne, wayar shirin ta bar hannun Koci tuntuni.

Ba ta je shago ba ranar. Kai tsaye ta wuce ɗakin ɗaukar shirin, ko hular kwano ba ta cire ba. Mai tace sautin na zaune gaban kwamfuta, ta ɗago ta yi mata murmushin da bai kai ido ba.

"A'a, Mai Jan Keke da kanta. Kin ji yadda saƙonki ya yi tashe?"

Auta ba ta ko kalle ta ba. Koci na tsaye jikin taga, ya juya baya.

"Masoyi..."

"A gaban duniya, Auta?"

"Ba haka na faɗa ba. An yanke maganata, wallahi an yanke."

"Ni dai lokaci ne ya yi mini kaɗan," in ji mai tace sautin, tana duba farcenta. "Na ɗauki abin da ya fi muhimmanci."

Ya juyo. Idanunsa sun yi ja, ya tura hannuwansa cikin aljihu.

"Tun fitowar shirin ake kirana maƙaryaci. Kin san abin da ya fi ciwo? Da muryarki aka fara."

"To ka ce mini ƙarya na ji. Ka ce kana hawa, in yarda."

Ya mayar da idonsa kan taga. Wannan shirun ba irin wanda ta sani ba ne, sanyi ne da shi.

"Ki tafi kawai," ya ce a hankali.

A gida, Yaya bai ɓoye farin cikinsa ba. Shi ne babba tun rasuwar babansu, kuma da ma bai taɓa ƙaunar zancen ba.

"Na faɗa tun farko. Mutumin da sana'arsa haki a waya? Ashe hakin ma na aro ne."

"Kai dai ka iya bakinka," in ji Umma. "Ba ka ga idonta ba?"

"Na gani, Umma. Shi ya sa."

Ya ɗauko sufana ya kwance tayar gaban jan keken, ya rataye ta a ƙusar bangon ɗakinsa. Auta ba ta yi gardama ba. Ina za ta je da shi?

Kwanaki suka yi ta wucewa. Tana miƙa wa mutane magani, tana murmushin dole, amma hankalinta na can kan wata hanya mai raɓa, inda rana ke fitowa ta bayan tankin ruwa. Takan farka da asuba ƙafafunta na motsi a kan katifa, sai ta tuna. Ta goge shirin daga wayarta. Kewarsa take yi, kewa mai tsanani, kuma ta ƙi yarda ta kira.

Wata safiya tana shara a tsakar gida sai ta ji kukan cen.

Daga ɗakin Yaya yake fitowa. Ta matsa a hankali, tsintsiya a hannu. Ƙofar a buɗe take kaɗan, Yaya na zaune bakin gado, ya ƙura wa wayarsa ido. Babu kiɗa, babu talla. Iska ce kawai ke bugun makirufo, sai ga muryarta, tun daga farko har ƙarshe:

"Koci, na gane ka daina hawa keke. Iskar da muke ji a shirinka ta ƙarya ce. Na san ba halinka ba ne. In wani abu ke cin ranka, ka faɗa mini, ina nan. Ko tura keken za ka yi, mu tura tare."

Sai muryar Koci, a dishe.

"Wannan shi ne saƙon gaba ɗayansa. Na karɓi wayar shiri na saurara da kunnena. Gaskiya ta faɗa. Wata mota ta goge ni a gindin tudun nan, ciwon jiki ya warke, amma tun ranar in na kama hannun keke sai jikina ya hau rawa. Na ji kunya a ce Koci na tsoron keke. Kanti sun ce ba za su ɗauki nauyin wanda ba ya hawa ba, mun rabu lafiya. Abin da ya ba ni mamaki saƙonninku ne."

Aka ji Tsohon Direba yana gyara murya: "Yaro, na shekara ban taɓa sitiyari ba bayan hatsarina. Ka fito ko da ƙafa ne, mu dai ka cire mana kiɗan nan."

Aka ji nas ɗin: "Mun fi son ka da tsoronka a titi, a kan jarumtarka a ɗaki."

"Kullum da safe ina zuwa gindin tudun nan," in ji Koci. "Ina tura keken har sama, in sauko da shi. Ban iya hawa ba tukuna. Mai Jan Keke, ban san ko kina saurara ba..."

Yaya ya ɗago, suka haɗa ido. Ya yi saurin kife wayar.

"Yaya, da ma kana jin shirin?"

"Wa? Ni? Kuskure ne na danna."

"Kuskure har da saukewa?"

Ya ja tsaki, ya miƙe ya sauko da tayar daga ƙusa. Yana ɗaure ta yana mita shi kaɗai.

"Namijin da zai tsaya gaban jama'a ya ce yana jin tsoro... ni dai ban iya ba. Sa hularki. Zan bi ku a mota, kada wani ya sake goge shi. Ba don shi ba, don Umma."

Umma na daga bakin kicin tana dariya ƙasa-ƙasa.

Rana ba ta gama fitowa ba suka iso. Yana nan a gindin tudun, riƙe da keke, wayar ɗaure a ƙirjinsa kamar da. Ya rame. Da ya hango jan keken sai ya tsaya cak.

"Auta..."

"Mai sauraro ce ta zo da ƙorafi," ta ce. "An yi mata alkawarin shiru a kan tudu, an daina ba ta."

"Ki yafe mini, rabin raina. Na kore ki don kin ga abin da nake ɓoyewa."

"Na yafe tun kafin in sauka daga benen nan naku. Hau."

"Hannuna na rawa."

"Ya yi ta rawa. Kai ka koya mana: a sassauta giya, a kalli gaba kaɗan, ban da ƙarshen tudu. Ko ka manta darasinka?"

Ya yi 'yar dariya. Sai a lokacin ya kunna ɗaukar sauti, ya ɗora ƙafa a feda, keken ya karkace, ya dafa ƙasa. Ya sake. Karo na uku ya tafi, yana tangal-tangal, ita tana gefensa ta ɓangaren titi, Yaya na biye a hankali ya kunna fitilun gargaɗi, ya tare musu hanya kaf.

Da hawan ya yi tsanani magana ta ɗauke. Hazo na tashi daga ciyawa, hasken safiya ya kwanta a kan tankin ruwa. Ba ta jin komai sai cen ɗinsa da nata, da numfashinsa da ta shekara tana ji a kunne, yau ga shi a kusa da kafaɗarta. Hawaye na zubo mata, iska na busar da su, ba ta share ba.

A sama ya sauka ya durƙusa, yana haki, yana dariya, yana kuka duk a haɗe.

"In turo... in turo manya?"

Ta waiwaya. Yaya ya zuge gilashin mota, fuska a ɗaure.

"Ka fara mayar da numfashi tukuna, kada ka mace mana a nan. Ka turo."

Shirin ya fita a makon yadda aka ɗauke shi, ba a tace komai ba sai maganar ƙarshe, wadda Auta ta ce tata ce ita kaɗai. Ba a ambaci sunanta ba, ba a ce da wa ya hau ba. Saƙonni suka yi ta shigowa, amma ɗaya ne ta ajiye a wayarta, har ranar da aka kai ta ɗakinta ta kunna wa ƙawayenta.

Tsohon Direba ne, ya gyara murya kamar kullum.

"Koci, shirun ya dawo, mun gode. Amma kunnena bai tsufa ba. Keke biyu na ji a kan tudun nan. Allah ya sanya alheri."